Tabon da Aljani Ya Shafe

Kakata Inna Tumba ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Cewa take mai son ganinta ya zo Zurmi. Muryarta tana nan a kunnena, amma fuskarta ta fara zame mini, abin kuma yana damuna fiye da yadda ya dace da malamin makaranta mai furfura.

Laifin wutar kara ne. Lokacin ɗari, an gama sussuka, takan hura karan dawa a tsakar gida bayan isha'i, mu kewaye ta. Wutar kara kuwa ba ta da adalci, sai ta haska haɓa ta bar goshi.

"Matso nan, angona mai majina," takan ce mini. "Ga ta nan tahe, wanda yay yi gyangyaɗi ta wuce shi."

Tatsuniyar da ta fi zama mini a rai ita ce ta wani aljani magini da ya yi kwaɗayin garken wata Bafillatana. Da ɗanta ya yi tafiya, sai ya kwaɓa yumɓu ya ƙera kamarsa, ya hura masa numfashi, ya aiko shi ya kora shanun. Ruga duk ta yi masa maraba. Uwar kaɗai ta tsaya kallo. Ɗanta yana da tabon ƙaho a gira, aljani kuwa ya ga tabon ya ɓata aiki, ya shafe. Nan Inna takan ƙanƙance murya ta yi maganar uwar: "Yaro, ɗiyana bai kai ka kyawo ba." Uwar ta sheƙa masa ruwan ƙwarya, ya koma taɓo.

Bara 'yata Hauwa'u, mai karatun kwamfuta a Kaura Namoda, ta nuna mini wani fim. Wani tsoho ne ke kuka, har na fara tausaya masa.

"Baba, ba mutum ba ne fa. Ƙera shi aka yi."

Na sa tabarau. Ga ƙofofin gashi a fatarsa, ga ido ɗaya ya ɗan fi ɗaya, ga leɓe na rawa kafin magana ta fito. Na sara wa masu wannan aiki. Sun fi aljanin Inna ilimi, don su ba sa jin kunyar tabo.

Hauwa'u ta ce za ta gwada ƙera mini Inna in zan iya kwatanta ta. Na kwatanta yadda jika ke yi: doguwa, fara, mai kwarjini. Aka samu wata kyakkyawar tsohuwa da ban taɓa gani ba. Ashe ni ne aljanin.

Muka kira Yaya Rabi a Shinkafi.

"Wace doguwa? Kai ne kake gajere! Giɓi gare ta a hagu, goro ya rine sauran. Idon dama kullum ruwa. Hancin nan a karkace, dubi madubi, kai ka gaje shi."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan darasin gane maƙaryaci. Sai a ranar na gane cewa ƙauna ma tana yi wa mutum gyaran da ke ɓatar da shi.

Bayan mako uku Hauwa'u ta juyo mini da kwamfutar. Aikin ɗaliba ne, bai kai na fim ba, wuyan ma kamar na aro. Amma da tsohuwar ta ɗago ido mai ruwa, sai na ji na sauke ƙafata daga kan kujera, na gyara zama.