Tutocin da Kawu Bitrus Ya Sayo

Ranar Asabar ɗaya ga Oktoba, 2016, da hantsi, Kawu Bitrus ya hawo benenmu hawa biyar da kwali a ka, saboda lifta ta mutu kamar yadda ta saba. Ya dire shi a tsakiyar falo, ya share gumi da hularsa, ya ce Mama ta zo ta ga abin da Allah ya yi wa cocinmu. Ƙanen Mama ne, direban tasi, kuma shi ya ɗora wa kansa aikin samo tutocin Nijeriya da za a kaɗa a sujadar godiya washegari. Da ya farke kwalin da mukullin mota, sai ga ƙananan tutoci masu sanda cunkus, kowace da ratsi uku: kore a ƙasa, fari a tsakiya, a sama kuma shunayya mai haske. Mama ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta ce ita dai a iya saninta tutar ƙasarta kore biyu gare ta. Kawu ya yi mata irin kallon da yake yi wa fasinjan da ya nemi koya masa hanya. “Yaya, rana ce ta ci ɗayan koren a tagar shago,” in ji shi, “shi ya sa mutumin ya kusa ba ni kyauta.” Ratsin da ke kwance maimakon tsaye kuwa, ya ce aikin masana'antar da ba ta taɓa jin sunan Nijeriya ba ne, kuma gyaransa bai fi ƙarfin yara biyu da abin maƙala takardu ba. Yaran biyun mu ne, ni mai shekara goma sha biyu, da yayata Rifkatu mai sha shida.

A ƙasar waje muke zaune a lokacin, a unguwar Morrisania da ke Bronx, cikin ɗaki biyu da falo, a ginin da matakalarsa ke ƙamshin girkin ƙasashe bakwai lokaci guda. Babanmu Yohanna yana aikin gyaran titin jirgin ƙarƙashin ƙasa, Mama tana kula da tsofaffi a gidajensu, mu kuma Asabar tamu ce da aikace-aikacenta. Mukan tura keken kaya zuwa gidan wanki, mu naɗe zannuwan gado mutum biyu kamar masu rawa, mu biya ta shagon wata Hajiya 'yar Kumasi mu sayo acca da daddawa. In mun gama, ni in tafi tsallen igiya da 'yan matan layinmu, Rifkatu ta wuce filin siminti inda samari ke buga ƙwallo, kuma ba su taɓa yi mata alfarmar mace ba, don ita ke cin su. Tun tana sha huɗu ta ɗauki injin askin Baba ta sauke gashinta da kanta. Ita ke kwance bututun ɗumama ɗaki in ya fara kuka da sanyi, ita ce kuma in ta dafa gwate har maƙwabta ke ƙwanƙwasa ƙofa da kwano. Ranar Lahadi takan ɗaura zani a kan wandonta, ta zauna a kujerar baya, ta rera waƙa da muryar da ta fi ta rabin mawaƙan coci. Ban taɓa jin ta mayar wa babba magana ba.

Wannan bai hana a yi mata sunaye ba. Matan cocinmu, waɗanda yawancinsu ba su iya riƙe sunan maganin hawan jininsu, ba su taɓa rasa sunan da za su liƙa wa 'yar wani ba. Shugabarsu Mama Saratu, mai jan ragamar zumuntar mata, ita ce ma'ajin sunayen: yau Rifkatu soja ce, gobe Bitrus ƙarami, in kuma an ga Mama ba ta kusa, mata-maza. Takan faɗa da murmushi, tana gyara ɗankwali, sannan ta ƙara da “muna dai sa ta a addu'a,” wanda a bakinta ya fi zagi ciwo. Baba ba ya son surutu, kalma ɗaya gare shi in maganar ta iso kunnensa: “Jos.” Kowane yaro a cocinmu ya san fassararta. Ana saya maka tikiti, a kai ka makarantar kwana a gida, a ce shekara ɗaya ce, kuma ba mu san wanda ya dawo bayan shekara ɗaya ba. Abin da ke rataye a kan Rifkatu ke nan tun ranar da ta yi askin.

Makarantarmu ma tana da nata sunayen, sai dai nata a buge suke da launi. A bangon ofishin malamar ba da shawara akwai wata babbar takarda mai sheƙi, an jera mata tutoci layi-layi, kowace da sunanta a ƙasa, kamar hoton tsuntsayen da ke ajin kimiyya. Malamar mace ce mai kirki irin kirkin da ba ya hawa bene hawa biyar ya ga inda yaro ke kwana. In ta ga yarinya da aski, idonta kan yi haske kamar na mai tara tambarin wasiƙa da ya tsinci wanda ba shi da shi. Ni kuwa a lokacin duk abin da aka rubuta a bango sai na haddace shi, ko jihohi da manyan biranensu ne, ko lambar 'yan kwana-kwana. Don haka tun kafin Kawu ya gama bayanin rana da taga na gane abin da ke cikin kwalinsa. Layi na uku ne, ta biyu daga hagu: tutar mutanen da ba su ɗauki kansu maza zalla ko mata zalla ba, waɗanda a Turance ake ce wa jenda-kwiya. Na kuma san wani abu da takardar bango ba ta sani ba. Wata rana ina neman fensir a jakar Rifkatu, na ga ɗan ƙaramin baji mai launukan nan uku, an maƙale shi ta ciki, a ƙasan aljihu, inda ba mai gani sai mai jakar.

Muka zauna a ƙasa muka kama aiki. Mu zare kowace tuta daga sandarta, mu juya ta ratsin ya miƙe tsaye, mu maƙale ta. Abin da ya fito dogo ne siriri kamar tawul ɗin goge hannu, amma Kawu ya tsaya a kanmu yana gyaɗa kai, yana cewa yanzu ne ta zama tuta. Na ɗago zan yi magana, Rifkatu ta ɗora tafin ƙafarta a kan tawa ta danna, ba ta ko kalle ni ba. Hannunta ya fi nawa sauri, aikinta ya fi nawa kyau. Sau ɗaya kawai, da Kawu ya ɗauki guda yana gwada yadda za a kaɗa ta daidai da taken ƙasa, na ga kafaɗunta suna rawa, ta sunkuyar da kai har ta gama dariyarta ba sauti.

Cocinmu zaure ne na haya a saman wani shagon katifu. Ranar Lahadin ya cika har matakala. Matan zumunta suka shigo a jere cikin zaninsu iri ɗaya, ana kaɗa tulu da kacau-kacau, kowace da tutarta a sama, Mama Saratu a gaba da biyu, ɗaya a kowane hannu. Fasto ya yi wa ƙasa addu'a mai tsawo, ya sa aka ɗaga tutoci a kowane amin. Dattawa masu digiri, ma'aikatan asibiti, wani ma malamin jami'a ne, duk suka kaɗa, kuma ba wanda ya tambayi yadda rana ke mayar da kore shunayya daidai wa daida a kan kowace tuta, ba ta kuskure ko guda. An ce musu tutar ƙasa ce, kuma arha aka samo ta. Wannan ya ishe su. Ni aka kira na karanto jihohi talatin da shida da biranensu ba tuntuɓe, aka yi mini tafi, na sauko kaina ya yi girman tulun zumunta.

Wajen rabon abinci abin ya faru. Rifkatu tana ɗauke da babbar tukunyar dafa-duka ita kaɗai, zaninta ya ɗan zame, ƙafar wandon ta leƙo. Mama Saratu ta tsayar da ludayi, ta ce da ƙarfin da kowa zai ji, “Ku ba namijin gidan Yohanna hanya, kada ya ture mu.” Mata suka tuntsire. Rifkatu ta ajiye tukunya ta gyara zani, kamar kullum. Ni ce ban yi kamar kullum ba. Tafin ɗazu yana kunnena, ga kuma ilimi yana cina. Na ce, rabi da Hausa rabi da Turanci kamar yadda muke magana, “Mama Saratu, ai tutar irin mutanen da kike zagi ce kika wuni kina kaɗawa, har biyu.” Na kuma yi musu bayani tsaf, launi bayan launi, da muryar da na karanto jihohi. Na ga bakinta ya buɗe, na ga tutocin suna sauka ɗaya bayan ɗaya kamar an ce suna da zafi, kuma ba zan ɓoye ba, daɗin wannan minti ɗaya har yau ban sami irinsa ba. Sai ta ce ƙarya nake yi, yarinya ƙarama ina ta san wannan. A duniya ba abin da na tsana a lokacin kamar a ce amsata ba daidai ba ce. Na ce, “Wallahi gaskiya ne, ai Yaya ma tana da irinta a jaka.”

Kafin a gama cin abinci an tattara tutocin cikin baƙar leda an ɗaure bakinta. Kawu Bitrus, wanda ya sayo su, ya hawo da su, ya tsaya a kanmu muka gyara su, ba wanda ya ce masa uffan. Ya zama wanda aka cuta, har ana ba shi haƙuri. Jama'a guda sun yi abin kunya a gaban Allah da kyamarorin wayoyinsu, kuma kunyar ta yi musu yawa, dole a sami kan da za a ɗora wa. Da la'asar dattawa biyu da Mama Saratu suka zo gidanmu, suka zauna a kujerun da muka yi aikin a gabansu jiya. Aka zazzage jakar a kan tebur. Har aka sami mai cewa ƙila ita ta kitsa abin tun farko don ta tozarta coci, kamar ita ta tuƙa tasin zuwa shagon. Baba ya riƙe bajin a tafin hannunsa, ɗan abin da bai kai murfin kwalba ba, ya tambaye ta da Hausa mece ce ita. Ta amsa da Hausa, abin da ba ta cika yi ba. “Baba, ni ma ban gama sani ba. Na ajiye shi ne don in riƙa tunani.” Dattawan suka kalli juna, don ba su zo da shirin jin wannan ba, sun zo ne a ba su suna su tafi da shi. Baba bai faɗi kalmarsa a ranar ba. Bayan sati biyu muka ga ya sauko da babban akwati daga saman kabad.

Ta tafi a watan Disamba, kafin Kirsimeti. A filin jirgi ta rungume Mama, ta durƙusa wa Baba, ni kuma ta ja mini kunne a hankali ta ce in rage surutu. Da labarin ya kai makaranta, malamar ba da shawara ta kira ni ofishinta, ta yi jimami sosai, ta miƙo mini takarda mai naɗi uku da jerin kalmomi da ma'anoninsu. Ta tambaye ni wanne ne a ciki ya dace da yayata, don ta san yadda za ta rubuta a rahotonta. Na ce ban sani ba. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka a cikin ginin makaranta.

Shekara ɗayar ta zama shida. Rifkatu ta gama sakandare a can, ta koyi aikin lantarki, ta dawo ƙasar nan da ƙafarta, amma ba Bronx ba. Tana wani gari mai nisan awa huɗu a bas, kuma ba ta taɓa sake hawa benenmu ba. Yanzu duk watan Yuni, watan bikin masu irin waɗannan tutoci, tutocin nan suna cika tagogin bankuna da shagunan takalma, wata na ƙarewa a kwashe su a sa tallan komawa makaranta. Matan cocinmu kuma sun waye, kowace ta iya bincika launi a waya kafin ta sayi ko ɗankwali, suna kuma kiran wannan hikima. Mukan yi waya da Rifkatu ranar Asabar, mu yi hirar aiki da ciwon gwiwar Mama, ta yi mini dariya in na cika dogon bayani. Ban tambaye ta ko ta gama tunanin ba, ita ma ba ta ce ba. Abin da nake kewa ba mai girma ba ne: in ji motsinta a ɗaya gadon da safe, tana neman takalmin ƙwallo, tun ba wanda ya tilasta mata ta ce komai. Amsata daidai ce a ranar, kuma ita ta raba ni da yayata.