Layin da Manang Petring Ba Ta Fassara Ba

Shekara goma sha tara Perpetua Cabahug ta yi a wata masana'antar Amurkawa da ke tsibirin Mactan a ƙasar Philippines, inda ake haɗa kayan cikin rediyo. Manang Petring kowa ke ce mata, wato Yaya Petring. Mace ce mai son doka kamar me, ko a layin shiga mota ba a tsallake ta a kwana lafiya. Da wannan aikin take riƙe da mijinta Doming, wanda ɓarin jikinsa ya shanye.

A bakin ɗakin cin abinci akwai takarda cikin gilashi da aka aiko daga Amurka, mai cewa ba a korar ma'aikaci saboda addininsa, ko jinsinsa, ko tsufansa. Petring ce ta mayar da ita Bisaya, harshen mutanen yankin, da hannunta. Can ƙasa akwai wani layi da ƙananan haruffa, manajan lokacin ya ce ta bar shi, surutun lauyoyi ne kawai. Ta bar shi. Duk Litinin ɗin da aka ɗauki sababbin 'yan mata, ita ke jera su ta karanta musu, har da ɗaga yatsa. Suna yi mata dariya a ɓoye, amma sun yarda da ita.

Tana da shekara hamsin da huɗu sabon manaja ya ce idon tsofaffi ba ya ganin ƙananan wayoyi. Rana ɗaya aka sallame ta da Mista Halvorsen, Ba'amurken da ke kula da sito. Shi kuwa sai ya rubuta takardar koke zuwa ƙasarsu, kafin wata biyu ya dawo kan kujerarsa. Wannan ma ya ƙara mata ƙarfin gwiwa. Ta ƙulle shinkafa da busasshen kifi, ta bar Doming hannun maƙwabciya, ta tsallaka zuwa birnin Cebu wurin lauya da kwafin takardar Turancin da na fassararta.

Lauyan ya jera su, ya daɗe yana kallo.

"Manang, wa ya fassara wannan?"

"Ni ce," ta ce, har da gyara zama.

"To ina layin ƙarshe?"

Ya karanta mata a hankali. A wajen Amurka, dokar 'yan Amurka kaɗai take karewa. Kunya ta fi baƙin ciki kama ta, don ta tuna fuskokin da ta jera a gaban gilashin nan.

Ranar Litinin ta koma ƙofar masana'antar da biro a jaka. Ba aiki ta zo nema ba, layi ɗaya take so ta ƙara. Mai gadi, wanda ita ta karanta wa takardar ranar da ya fara aiki, ya sunkuyar da kai ya ce ba ta da katin shiga.

Ta cikin waya ta hango sababbin 'yan mata a jere. Wata da ita ta koya wa aiki tana karanta musu fassararta, ba ta rage ko kalma ba, har da ɗaga yatsa.