Ma'aunin Yatsu Huɗu

Ranar Alhamis, kwana biyu bayan Kirsimetin shekarar 1979, da ƙarfe shida da rabi na safe, mu bakwai muna zaune cikin motar shata a ƙofar gidanmu da ke Kakuri: mahaifina, Malam Yohanna, a gaba kusa da direba, mahaifiyata da ƙannena maza biyu a tsakiya, ni da ƙanwata Saratu a kujerar baya. Ba a tayar da injin ba tukuna, domin mai motar, Oga Emeka, yana durƙushe a gindin tayar baya yana auna nauyinmu da yatsunsa. Shekaruna goma sha uku, kuma wannan tafiya ce za ta kai ni in ga kakata a karon farko, wadda sunanta aka sa mini, har Inna ba ta iya kirana da shi, sai dai ta ce "Uwata".

Inna 'yar wani ƙauye ce kusa da Maraɗi, a ƙasar Nijar. Tun da aka kawo ta Kaduna sau ɗaya ta je gida, kafin a haife ni. Baba akawun sito ne a ɗaya daga cikin masaƙun unguwarmu, mutum ne da ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta ta sau biyu. Duk zamanin mulkin soja ya ƙi fita da iyali saboda shingayen hanya. Yakan ce, "Ba zan kai 'ya'yana inda za a daka wa ubansu tsawa a gabansu ba." Da sojoji suka miƙa mulki a watan Oktoba, sai ya ce lokaci ya yi. Motar tasha kuwa bai yarda da ita ba, domin ana cusa mutane kamar buhunan gero. Saboda haka ya tafi Sabon Tasha wurin Oga Emeka, wani makanike mutumin gabas, ya yi shatar doguwar motarsa mai layin kujeru uku, har da direba, na kwana tara. Sharaɗi ɗaya mai motar ya kafa: idan an gama lodi kowa ya zauna, dole yatsunsa huɗu su shiga tsakanin tayar baya da jikin mota, domin hanyar ƙauye ba ta da tausayin mota. Baba ya ce wannan maganar hankali ce, suka yi musafaha.

Makonni biyu na yi ina shiri. A makarantarmu ta kwana, wadda 'yan mishan suka kafa, an horar da mu cewa gado ba ya gyaruwa sai kusurwoyinsa huɗu sun miƙe, kuma ana duba farce kafin a duba littafi. Da wannan horo na zo hutu. Ni na wanke tufafin kowa, na hura gawayi a dutsen guga na goge su, na naɗe su bisa ga ranakun da za a sa. Da asuba, kafin jiniyar masaƙa ta yi kuka, nakan riga kowa jera bokitai a famfon tsakar gida, wanda ɗakuna goma sha biyu ke rabawa. Da yamma tsarana na 'yar carafke a bakin ƙofa, ni ina ciki ina wanke takalma. Duk wadda ta kira ni wasa sai in ce mata ba ni da lokaci, ƙasar waje za ni.

A bakin famfon nan labarin ya fita. Cikin kwana uku ya isa Makera, inda mutanen Nijar suke da yawa, masu gadi da masu shayi da 'yan ga-ruwa. Wanda bai zauna cikinsu ba ba zai gane nauyin saƙo ba. Idan mutum zai je gida, ƙafarsa ta zama ta kowa, kuma ba a cewa a'a, domin gobe kai ma za ka nema. Sai ga su suna sallama ɗaya bayan ɗaya, wannan da turmin atamfa, wancan da katan ɗin sabulu, wani da fitilar ƙwai, wani da rediyo naɗe cikin tsumma. Kowa Baba ya ce masa "to", ya rubuta sunan mai karɓa da garinsu da kyakkyawan rubutunsa, ya liƙa. Na ƙarshe shi ne Malam Isufu, mai gadin masaƙarsu, wanda shekara da shekaru shi ke kai wa kakata wasiƙun Inna idan ya je gida. Ya zo ɗauke da keken ɗinki, kai da ƙafafunsa na ƙarfe, na ƙanwarsa da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Baba ya dubi keken ya daɗe, sa'an nan ya ce "to".

To, da safiyar nan Oga Emeka ya cusa hannu, ya ɗago kai. "Malam, uku ne. Mota ba jaki ba ce fa." Direba ya yi dariya ya ce, "Haba Oga, ai yatsunka ne suka yi ƙiba da naman Kirsimeti. Bari in auna da nawa." Oga Emeka ya ce, "Kai, rufe baki. Ranar da ka sayi taka ka auna da tsinken tsintsiya ma." Mutanen gida da suka fito rakiya suka fashe da dariya, amma Baba bai yi ba. Ya ce da yatsun mai mota aka yi alkawari. Aka sauke akwatin littattafansa, aka sauke jarkar ruwa ɗaya da tabarmi. Uku da rabi. Sai Inna ta ce a sauke samirun da ta saya wa mahaifiyarta. Direba ya ajiye su a ƙasa, kusa da kwata. Ni kuwa ba a koya mini in ga kayan uwata a ƙasa in ci gaba da zama ba. Ba wanda ya aike ni. Na tsallake Saratu, na fita, na kwashe su na kai ɗaki.

Ina fitowa na ji muryar Oga Emeka. "Yawwa! Huɗu cif. Allah ya kiyaye hanya, Malam." Bai lura da cewa kujerata babu kowa ba. Baba ya lura. Ya dubi tayar, ya dube ni, ya ce in shiga a sake aunawa. Na shiga, mota ta sunkuya. Na fita, ta ɗago. Sau biyu aka yi haka a gaban dukan gida, kuma ba wanda ya ƙara yin dariya. Inna ta ce, a hankali, ko a bar keken zuwa wani lokaci. Malam Isufu yana tsaye can gefe da hularsa a hannu, ya ce shi ma ya yarda a bari. Baba ya ce ya riga ya ce masa to.

Ban taɓa mayar wa mahaifina magana ba, kafin wannan rana ko bayanta. Na haɗa hannuwana a baya kamar yadda ake yi a gaban shugabar makaranta, na ce, "Baba, ni ma kun ce mini to." Ya sauko daga mota, ya tsaya a gabana, ba da faɗa ba. Ya ce, "Gaskiya ne, Rifkatu. Amma kayan nan amanar mutane ce. Ke tawa ce, kuma abin da yake nawa shi kaɗai nake da ikon ragewa." Ya ƙara da cewa ni ce babba, ni kaɗai za a iya bari ba tare da fargaba ba, kuma baɗi da yardar Allah za a koma. Aka sauke ƙullin kayana, aka damƙa ni ga matar maƙwabcinmu tela. Inna ba ta dube ni ba har motar ta sha kwana. Na girma kafin na gane dalili: da ta dube ni, da ba ta iya tafiya ba.

Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, kuma an san ni da rashin sassauci. Sau da yawa na tsaya kan ƙa'ida na ga fuskar yaro ta canza irin yadda tawa ta canza, ban kuwa janye ba. Yanzu 'ya'yan Saratu kan yi hayar mota ta waya a ƙasashen da ban iya faɗin sunansu daidai ba, su turo mini hoto, kujerun baya fayau, ba wanda ya ba su ko allura su kai wa wani. Masaƙun sun yi shiru, babu jiniya, kuma saƙo ya koma lamba a cikin waya. Ina kewar zamanin da kalmar mutum take da nauyi, amma na san wanda ake saukewa idan nauyin ya yi yawa. Har yau ban iya cewa Baba ya yi kuskure ba, na dai gaji da ba shi gaskiya.

Sun dawo lafiya a rana ta tara, kowane saƙo ya isa hannun mai shi. Kakata ta rasu da damina mai bi, ban gan ta ba.