Makullin Ilu Kar-a-taɓa

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Ilu a Magariya ya san ba a fara amsa masa sallama. Kana ɗaga labule za ka ji, "Kar a taɓa!" Sai ya ga hannuwanka biyu a fili sannan ya ce wa alaikumus salam. Har liman ya sha wannan tarba. Sunan ya bi shi ya bi shi, har a zaman makokinsa na ji wata tana tambaya, wai ashe Kar-a-taɓa yana da wani suna?

Ni taubashiyarsa ce, uwata ƙanwar ubansa. Tun muna yara "baiwa" yake ce mini, ni kuwa ban taɓa ce masa ubangida ba, sai dai zagi iri-iri. Shekara goma sha ɗaya ina buga wa mutane takardu a shagonsa, a kan wata na'ura daban. Wadda ba a taɓawa tana lungu, tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, mai gurnani, ya ɗaure murfinta da igiyar kaba. A cikinta yake ajiye hoton takardun gonakin mutane. Daga Mallawa, daga Guci, daga ko'ina ake kawo masa, ya ɗauka ya adana, don a cewarsa takarda abincin gara ce. Tawa ma tana ciki, ta gonar da ubana ya bar mini.

Wata rana na tambaye shi abin da ya sa yake gadinta kamar jaririya.

Ya ce, "Baiwa, buɗe kunne. Faifan da takardun ke ciki a kulle yake. Makullin ba ya aljihuna, yana cikin wani ɗan pus kamar layin salula, manne a jikin akwatin. Can ƙuryar na'urar kuma akwai mai gadi, shi ake ce wa noyo. Shi kaɗai ke karɓar makullin. Shi ma sai ya ga komai yana inda aka bar shi, kuma sai ya san wanda ya shigo."

Na ce, "Ashe ka samu ɗan'uwanka a mugun hali."

Ya ce, "Ya fi ni. Shi ba a saye shi da goro."

Goro! Ku da kuka san shi kun san goro ɗaya kwana huɗu yake yi masa. Ganyen shayi kuwa sai ya dafa shi har ya koma ruwan alwala. Ranar da ya hana ni ɓarin goro, ina cikin kumbura, ranar ce ya kira ni lungun ya zaunar da ni gaban tsohuwar.

"Buga wata magana mai tsawo, wadda ke kaɗai kika sani."

Ya juya baya ya fuskanci bango. Na buga abin da ke raina. Ya ce in sake, na sake da ƙarfi.

"Kin riƙe?"

"Wannan ko a mafarki. Mene ne amfaninta?"

"Baiwa ba ta tambayar ubangida."

Na yi tsaki na koma wurina, maganar ta fita raina.

Ban da ni, mutum ɗaya na ga ya bari ya zauna a kujerar nan, Alhaji Tanimu, wanda gonarsa ke jikin tawa. Ya zo da babbar riga da turare, wai yana so a gyara wani ɗan kuskure a takardata wajen iyaka. Ina zaune fa, kamar ba a gan ni ba! Ilu ya miƙe da ladabi ya ce, "Bismillah, Alhaji. Ga ƙofar shugaban na'ura na buɗe maka, babu wadda ta fi ta. Danna nan." Alhaji ya naɗe hannun riga ya danna. Wani ɗan gajeren rubutu ya fito.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba ta san ka ba."

"Ni? A garin nan?"

"Yo, Alhaji, ai ba ta zuwa walima."

Bara, bayan Sallar layya, Ilu ya kwanta kwana uku ya tafi. Watanni suka wuce, na buɗe akwatin tufafina na tarar gara ta cinye takardar gonata, sai ɗan gefen hatimi. Bakina ne ya cuce ni, a gidan suna na ba da labari, har ya kai kunnen Alhaji. Ruwan farko na sauka, Alhaji ya shuka layi goma sha biyu cikin gonata. Shaidun takardar duk sun rasu. Mai gari ya ce in kawo hujja ranar Litinin, in babu, iyaka ta tsaya inda shuka ta tsaya.

Na ruga shagon, na tarar da shi wayam. An raba gado! 'Ya'yan Ilu biyu, Sani da Habu, waɗanda ko gaisuwa ba ta haɗa su, sun raba ordinatar kamar ragon suna. Sani babba ya ɗauki akwatin ya kai Guci. Habu, sarkin wayo, ya riga ya kwance faifan ya tafi da shi Mallawa, wai ya ji an ce nan dukiyar take. Har ƙetaren iyaka ya kai shi wurin masu gyara, suka ce ba komai ciki sai shirme.

Na kira ɗiyata Rakiya, wadda ke aikin na'ura a Damagaram. Ta iso ranar Juma'a, muka karɓo faifan da ƙyar, ta haɗa shi da tata. Ta yi ta dannawa, sannan ta ce, "Inna, noyo ya nemi makulli bai samu ba. Sai an mayar da faifan cikin akwatin da aka ciro shi."

Asabar na hau kabu-kabu har Guci. Na tarar da akwatin a gindin rumbu, kaza tana kwanci a kai.

Sani ya ce, "Gwaggo, in dai Habu zai zo wurin, kar a taɓa mini kayana."

Na ce, "Rufe mini baki! Ubanka ya ce kar a taɓa don amanar mutane, kai kuwa don kaza. Ɗauko!"

Lahadi da hantsi muka taru a shagon, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Rakiya ta haɗa komai ta kunna. Tsohuwar ta yi gurnani, ta ƙi. Rakiya ta leƙa ciki ta ce an cire wani abu, mai gadin bai gane gidansa ba. Can sai Sani ya zaro wani ɗan kati daga aljihu yana sosa kai, wai ya ga bakinsa na ƙyalli, ya ɗauka zinariya ce. Habu ya kwashe da dariya, Sani ma ta kuɓuce masa.

Aka mayar da katin, na'ura ta tashi. Rakiya ta shiga ta ƙofar shugaba ta nemi makullin. Gajeren rubutun nan ya fito, irin na Alhaji sak. Ga shi gobe ce Litinin.

Ta ce, "Bari in duba waɗanda aka yarda su riƙe shi." Ta duba, ta ɗago ta dube ni. "Suna biyu ne kawai. Ɗaya Ilu. Ɗayan kuma an rubuta baiwa. Inna, zo ki buga maganarki."

Na zauna a kujerarsa. Maganar tana nan, ban mance ba, amma idona ya cika, haruffan suka ɓace mini. Rakiya ta ce in faɗa ta buga. A gaban 'ya'yansa, mutum yana kabari! Ba yadda zan yi, na faɗa.

"Ilu marowaci mai kan tulu."

Ta buga. Sai ga takardun jama'a sun jeru, gari-gari, da tawa a ciki, hatimi da sunayen shaidu raɗau. Washegari ba a gama karanta ta a ƙofar mai gari ba, Alhaji ya ce ai 'yan ƙwadagonsa ne suka yi kuskure.

Duk faɗin garin nan, da alhazansa da 'ya'yan cikinsa, ni ya ba wa amanar, kuma bai taɓa faɗa mini ba. Ni kuwa abin da na saka masa da shi ke nan, kuma har yau da shi nake buɗewa duk ranar da wani ya zo neman takardarsa. Ina kewarsa ƙwarai.

Allah ya jiƙanka, ubangidana. Yadda ka tsare wa mutane nasu, Allah ya tsare ka a kabarinka, ya buɗe maka ƙofar rahama. Goron kuwa na yafe.