Kalmar da Tsoho Tao Ya Hana Surukinsa Ji

A duk ƙauyen nan na bakin kogin Non, ba a yi mai zargin mutane kamar Tsoho Tao ba, kuma ba ɓata masa suna nake yi ba. Shi da matarsa suna cikin 'yan tsirarun da suka rage masu jin harshen Mancu, sauran jama'a duk sun koma Sinanci. Maimakon ya koya wa 'ya'yansa, sai ya mayar da harshen abin gulma, in an yi baƙo su ci namansa yana zaune.

Ranar da Sodnom, wani saurayi ɗan Mongol, ya zo neman auren 'yarsa Guilan, aka zaunar da shi a kan gadon ƙasa mai ɗumi, aka kawo kabeji mai tsami da naman alade. Tao ya ƙare masa kallo, ya ce wa matarsa da Mancu wai wannan ba yarinya ya zo nema ba, morin ɗinsu, wato dokinsu, yake hange. Jin haka Sodnom ya waiwaya ta taga, ya yaba wa dokin da ke ɗaure a tsakar gida.

Tao ya ajiye tsinken cin abinci. Ashe yana ji! Tun yaushe? Wa ya aiko shi? Nan take ya ce babu zancen aure da munafukin da ke jin harshe yana yin kamar kurma.

Guilan ta ce wa ubanta, "Haba Ama, su ma 'yan Mongol fa morin suke ce wa doki. Kalmar nan kaɗai ya tsinta."

"To wa ya koya musu?"

Da Sodnom ya yi shiru, da an wuce wurin. Sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ai kakana cewa ya yi a wurinmu kuka ara, har da dokin."

Wannan dariyar ta ja masa jiran shekara guda. Tao ya bi tsofaffin ƙauyen yana tambayar asalin kalmar, wani ya ce ta Mancu ce, wani ya ce ƙila kakansu ɗaya da ta Mongol, babu mai tabbas. Guilan kuwa tana ta rama. Uwarta ce ta gaji, ta ce ba za a tsofar mata da 'ya a kan kalma ɗaya ba, ta sa rana da kanta.

Tao ya zo bikin fuska a murtuke. Har ya mutu bai sake furta morin a gaban surukinsa ba, sai dai ya ce "wancan mai ƙafa huɗun", yana leƙen idonsa ko ya gane.