Rabilu da Ma'auni Mai Kilo Hamsin

Tun da aka haifi Rabilu a Korgom, babu wanda zai rantse ya taɓa ganin ya tashi ya ɗauko wani abu da kansa. An ce yana jariri ma sai an bi shi da nono har baki, shi kuwa yana kwance yana hamma. Da ya girma, in buta na taku uku da shi, zuba mata ido yake yi har wani ya zo wucewa. Inna Uwani, ƙanwar mahaifiyarsa, ita ta ƙarasa ɓata shi: safe, rana, maraice, kwanon tuwo ne ke iske shi inda yake zaune.

Sai Allah ya haɗa shi da sana'a daidai jikinsa. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, ya wuce Maraɗi ya koyi rubuta manhajar odinatar, wato kwamfuta, ya dawo da tabarau da wata magana da ya dami gari da ita, wai "injection de dépendances."

"Mene ne kuma wannan?" in ji Inna Uwani.

"Inna, kin ga tagar nan mai maɓallai da ke buɗewa a allon odinatar? Tagar kirki ba ta fita neman kayan aikinta. Faɗi kawai take yi, ina son ma'auni, ina son kaza, sai a miƙo mata daga waje. Ba ruwanta da wane iri aka kawo."

"To ai kai ke nan, ɗan nan."

"Kin gani? Ashe duk shekarun nan ilimi nake zubawa, kuna ce mini malalaci."

A shekarar, ƙungiyar manoman wake ta gaji da rigimar awo da tiya, ta sayo ma'auni mai waya da ake haɗawa da odinatar. Shugabanta, Alhaji Mutari, ya ce Rabilu ya yi musu tagar da za ta riƙa nuna nauyi, a gwada ranar kasuwa gaban jama'a. In ta yi, kujerar buro, wato ofishin ƙungiyar, tasa ce, cikin inuwa. In ba ta yi ba, mahaifinsa ya riga ya wasa masa hauya.

Ma'aunin yana magaza, ɗakin ajiyar waken ƙungiya, taku ɗari biyu daga gidansu, wanda a lissafin Rabilu tafiyar Agadas ce. Sai ya rubuta ma'aunin ƙarya na gwaji, wanda ko me aka tambaye shi hamsin yake cewa, ya miƙa wa taga. Ta karɓa ba musu. Ya ce ranar kasuwar zai musanya da na gaske. Ranar ta zo, ya manta.

Aka ɗora buhu. Kilo hamsin. Jama'a suka yi tafi. Aka ɗora rabin buhu. Hamsin. Alhaji Mutari ya cire hularsa ya ajiye a kan ma'aunin. Hamsin.

"Rabilu, hulata ce ta yi ƙiba, ko waken ne ya rame?"

Hamidu mai kabu-kabu ya kamo akuyar wani ya ɗora. Hamsin. Wuri ya kaure da dariya.

Inna Uwani ba ta iya ganin ana yi wa ɗanta dariya. Ta ture mutane ta hau da kanta, ita da ko masu amalanke sai sun yi shawara da shanunsu kafin su ɗauke ta. Hamsin. Ta rangaɗa guɗa.

"Shekara ashirin ina gaya muku zannuwa ne suka yi mini yawa! Wannan na'ura mai tsoron Allah ce, kada wanda ya taɓa ta!"

Rabilu ya riga ya gane ɓarnar. Layi ɗaya tak zai canja, a janye na ƙarya a miƙa na gaske, tagar ma ba sai an taɓa ta ba.

"Inna, sauko tukuna."

"Ban sauka! Ku kira mini maƙwabciyata Halima ta zo ta gani da idonta, ita da ke ce mini rumbu."

"Ko ka gyara yanzu," in ji Alhaji Mutari, "ko ka ba ni makullin buro."

Rabilu ya dubi Inna. Ya hango mahaifinsa a bayan taro, ya tuna hauya da zafin rana. Ya canja layin, ya sake buɗe taga. Tagar kuwa, da yake ba ruwanta da wanda aka miƙo mata, ta zana ɗari da sha takwas da lambobi manya kamar ƙwarya. Hamidu ya karanta da ƙarfi, da Hausa, ya kuma maimaita da Faransanci don 'yan lakwal. Daidai nan Halima ta iso.

Kujera dai Rabilu ya samu. Da maraice ya zauna inda ya saba, yana jiran kwano. Shiru. Washegari da safe ma shiru. Da rana yunwa ta ɗaga shi, ya ɗauki kwano ya nufi madafin Inna da ƙafarsa, maƙwabta na leƙowa ta katanga don kada a ba su labari.

Inna Uwani ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ga tukunya can, ga mara. In ka ɗiba ka kai wa na'urarka ta auna maka."