Sikelin Enid da Ƙwai Uku

Shekara talatin da huɗu ke nan bango ɗaya ya raba kicin ɗina da na Enid Ackroyd, a layinmu da ke bayan tsohuwar masaƙar ulu ta garin Keighley a Ingila. A tsawon lokacin nan sau ɗaya na taɓa jin ta ba da haƙuri, shi ma kyanwa ta ba, da ta taka mata jela. A layin aka haife ta. Tana shekara goma sha biyar ta shiga masaƙa, da masaƙa ta rufe ta koma dafa wa 'yan firamare abincin rana, ta yi shekara ashirin da shida tana ciyar da yara ɗari biyu kullum. Rabin garin nan da ludayinta suka girma, shi ya sa har yau direban bas mai furfura in ya hango ta sai ya gyara zama. Mijinta Wilf ya daɗe da rasuwa. Ɗansu tilo, Clive, ya tafi Amurka aiki, ya auri wata 'yar Ohio mai suna Charlene, ya yi zamansa can.

Tana shekara tamanin da ɗaya idanunta suka fara tafiya. Tsakiyar ganin ce ta mutu, gefe-gefe ya rage. Ta ce tana ganin kunnuwan mutum amma ba ta ganin fuskarsa, kuma a layinmu wannan ba wata asara ba ce. Girki kam ko kwana ɗaya ba ta ajiye ba. Juma'a kifi da soyayyen dankali, Asabar kek, Lahadi gasasshen nama da romo, Litinin a daddatsa sauran naman a rufe shi da dakakken dankali a mayar tanderu.

Wata Talata da yamma ƙararrawar hayaƙinta ta ɗauki kuka. Na zari makullinta da nake ajiyewa na faɗa gidan a guje. Na same ta ta riga ta tsoma tukunya a ruwa, albasa ta ƙone ƙurmus, bakin tsumman kicin ya babbake.

"Enid, me ya faru? Ina kika shiga?"

"Albasa ce ta ƙone, Glenda, ba garin ba. Buɗe mini taga ki koma gidanki."

Daga nan ta ja bakinta ta tsuke. Ni kuwa na yi mako guda ina kwana da tsoron gobara, ga shi bangonmu ɗaya. Daga ƙarshe na yi azarɓaɓi, na nemo lambar Clive na buga masa, na ce uwarsa ta kusa ƙona gida. Na faɗa da gishiri, ba zan ɓoye ba, kuma har yau ina jin kunyar abin.

Kafin wata ya cika sai ga su shi da matarsa, da akwatuna, da shawarar da suka riga suka yanke tun daga can. Za a cire murhun gas. Za a riƙa kawo mata abinci dafaffe a 'yan robobi, ta saka a ɗan akwatin lantarki mai ɗumama abinci, ta danna maɓalli ɗaya. Mai gas zai zo ranar Juma'a ƙarfe goma ya toshe bututu.

Enid ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Ka gama? To a kan murhun nan na dafa abin da ya yi maka wannan wuyan. Wanda zai taɓa shi sai ya fara ɗauke ni."

"Mama, ba kya gani."

"Kai da kake gani me ka taɓa dafawa?"

Charlene ba muguwa ba ce, in faɗi gaskiya. Mace ce mai fara'a da son taimako, irin taimakon nan da ba ya tsayawa ya tambaya. Sai dai tun daren farko aka ga bakinsu ba ɗaya ba ne a kicin, ko da yake harshe ɗaya wai suke yi. Enid ta ce a zo a sha shayi ƙarfe biyar, yadda muke kiran abincin yamma, Charlene ta zo da cikinta a cike da tsammanin kofi ɗaya ne, ta tarar da faranti shaƙe da nama. Enid ta nemi a miƙo mata biskit, Charlene ta ce a wurinsu biskit wani ɗan burodi ne mai laushi da ake kwarara wa romo da safe.

"Romo a kan biskit? Da safe? Allah ya kyauta."

"Ai in kika ɗanɗana, Enid, sai kin nemi ƙari."

"Ni? Mutanen da suke kiran yalo itacen ƙwai su ne za su koya mini ci? Yaushe kaza ta fara saka a bishiya?"

Charlene dariya take yi, ba ta riƙo. Ta ma zo da tsaraba: kofunan awo guda huɗu na roba, babba da ƙanana, irin waɗanda duk matan ƙasarsu suke auna fulawa da sukari da su. Ta ce tunda Enid ba ta ganin lamba, wannan ai ya fi sauƙi, a cika a share baki. Enid ta shafa su ɗaya bayan ɗaya ta ce fulawa ba ruwa ba ce, in ka danna ta ta yi yawa, in ka tankaɗe ta ta yi kaɗan, kofi kuwa bai san bambanci ba. Nauyi ake aunawa. Ta zuba wa kyanwa madara a babban kofin.

Ranar Laraba Clive ya kai uwarsa asibitin ido. Charlene ta ce bari ta rage tarkacen kicin don kada tsohuwa ta yi tuntuɓe. A cikin abin da ta kwashe har da sikelin Enid, tsohon sikelin baƙin ƙarfe mai kwanon tagulla a gefe ɗaya da ɗan faifai mai baki a ɗaya gefen, inda ake ɗora duwatsun awo. Duwatsun sun ɓace tun Clive yana yaro, ya kwashe su ya yi wasa da su a rafi. Charlene ta duba ko'ina ba ta gan su ba, ta ɗauka kayan ado ne da ya mutu, ta haɗa shi da tsofaffin kwalabe ta kai shagon gwanjo na coci.

Ta bango na ji dawowarsu. Enid ba ihu ta yi ba. Na ji sanda tana ƙwanƙwasa ƙofata, na buɗe, ga Enid da hula da kwat.

"Ke kika kira su, ke za ki raka ni. Ɗauko jakarki."

Ashe ta sani. Na ɗauko jakata na bi ta. Ta haura tudun nan na kasuwa ana yayyafi, ba ta yarda na riƙe mata hannu ba. A shagon ta bi kanta tana lalube har hannunta ya faɗa kan kwanon tagulla. Matar da ke tsaron shagon ta matso ta ce fam shida ne.

Enid ta karkata kai. "Wannan murya ta Yvonne Sugden ce, mai ɓoye kabeji a aljihu lokacin abincin makaranta."

"Misis Ackroyd! Wayyo, ban gane ki ba."

"Kayan uwata ne. Ba zan sayi kayan uwata ba, 'yar nan. Sa mini a leda."

Yvonne, mace mai jikoki, ta sa shi a leda da sauri, har da rako mu bakin ƙofa. Ni na ɗauko shi, nauyi kamar dutsen niƙa, kuma na san hukuncina ke nan.

Ranar Alhamis bayan azahar ta tara mu uku a kicin, ta ce kowa ya zauna ya kama bakinsa. Charlene ta yi ta ba da haƙuri, ta ce ba ta ga duwatsun ba ne.

"Duwatsun me? Shekara arba'in ban taɓa nemansu ba. Miƙo mini ƙwai uku."

Ta jera ƙwan da ɓawonsu a kan faifan, a wurin duwatsu. Ta sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin kwanon, ta fara yanka bota tana sakawa. Da kwanon ya fara saukowa ya taɓa yatsarta ya tsaya cak, ta juye. Haka sukari, haka fulawa, kowanne nauyin ƙwan nan uku, yadda uwarta take yi da kakarta. Ƙwai manya ne ko ƙanana, babu ruwanta, su ne za su faɗi nasu. Ta fasa su ɗaya-ɗaya ta buga da cokalin katako, hannun nan da ya juya tukunyar yara ɗari biyu bai ko gaji ba, ta zuba kwaɓin kek ɗin a gwangwani ta sa a tanderu. Makunnin tanderu akwai wani ɗan tsagi da Wilf ya yi masa da zarto, ta murza har farcenta ya faɗa ciki. Ba ta kalli agogo ba, da ma me za ta gani. Da ƙamshi ya cika ɗaki ta ciro gwangwanin da tsumma ta kara kunne, ta ce yana ɗan kuka har yanzu, ta mayar. Karo na biyu ta ce ya yi shiru, ta danna da yatsa, ta kife shi ya huce, ta kashe wuta, ta shafa makunnai huɗu na sama ɗaya bayan ɗaya. Ta raba shi biyu ta shafa jam ɗin 'ya'yan itace ta haɗe.

Charlene ta ci ta rufe ido. Ta tashi ta je gaban sikelin, ta ɗora ƙwai biyu, ta runtse ido ta sa yatsa a ƙarƙashin kwanon tana zuba sukari. Ta zuba ya wuce kima, kwanon ya dirar mata a yatsa, ta yi ƙara.

"A hankali, 'yar nan, ba yashi kike loda wa mota ba," in ji Enid. Karon farko ke nan da na ji ta yi mata magana da taushi.

Clive ya cinye yanka biyu, amma ya kafe. Ya share baki ya ce, "Mama, kek ɗinki babu na biyunsa, kowa ya sani. Amma wannan bai goge abin da ya faru ba. Kin ɗora tukunya kin manta. Glenda ta gani da idonta. In da tsumman nan ya kama labule fa?"

"Ban manta ba."

"To me ya hana ki sauke ta?"

Ta goge kwanon sikelin da bakin rigarta, ta ajiye.

"Wace rana ce abin ya faru, Glenda?"

Na ce Talata, wajen ƙarfe biyar.

"Talata ƙarfe biyar wa ya bugo mini waya, Clive? Wayar gidan nan a bakin ƙofa take, igiyarta ba ta kai kicin. Wata biyar ban ji muryarka ba. Ina jin ƙaurin albasa sarai, hancina bai makance ba. Na ce a raina in na ce maka jira ni, za ka ce to Mama sai wani lokaci, wani lokacin kuma sai bazara. Sai na bar ta ta ƙone. Da hayaƙi ya iso wurina ne na ce maka ana buga ƙofa."

Clive ya yi ja har kunne. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, don ni na ɗauki abin da ban sani ba na aika da shi Amurka. Charlene ta juya ta dubi mijinta wani irin kallo da ba sai an fassara wa kowa ba.

"Ranar da yatsan nan ya daina jin kwanon, ni da bakina zan kira mai gas," Enid ta ce. "Kafin nan kowa ya fita mini daga kicin. Glenda, ke ki tsaya ki wanke gwangwani."

Juma'a ƙarfe goma mai gas ya zo da jakar kayan aikinsa. Clive ne ya tare shi a ƙofa ya ce an fasa. Enid ta ƙwala kira daga ciki ta ce kada a bar bawan Allah ya yi zuwan banza, ya shigo ya duba mata makunnin baya da yake sheƙa, ta sallame shi da yankan kek a takarda. Da za su koma, Charlene ta bar kofunanta, ta tafi da wani tsohon sikeli da Yvonne ta nemo mata, shi ma ba duwatsu.

Yanzu Enid tana da shekara tamanin da uku, murhunta na nan. Clive yana bugowa duk Lahadi, kuma har yau bai iya lissafin bambancin lokacin can da nan ba, daidai sa'ar da nama yake wuta yake kira. Ta bango nake jin sandarta ta nufi bakin ƙofa, in ji ta ɗaga.

"Clive? Romona na kan wuta. Sake bugowa bayan rabin awa."

Ta ajiye, ta koma kicin. Bayan rabin awa wayar takan sake ƙara.